Mustang ce ko takwararta? Amsa kan tsofaffin sunaye a jikin jif-jif na lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Gwammaja, cikin Kano. Na ga wata mota a wajen masu sayar da motoci, da tambarin doki a gabanta, dillalin ya ce Mustang ce. Amma jif ce mai ƙofa huɗu, ba ta da salansa, ba ta shan mai, caji ake yi mata. Yayana ya ce jabu ce, 'yan China ne suka manna mata doki. Gaskiyarsa ne? Idan ba jabu ba ce, me ya sa kamfani zai ɗauki sunan tsohuwar mota ya ɗora wa wadda ba su yi kama ba? Kuma kana ba ni shawarar in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Ka gaishe min da yayan naka, ka kuma faɗa masa motar ba jabu ba ce. Kamfanin Ford da kansa ya ƙera ta, cikakken sunanta Mustang Mach-E. An fara nuna ta a Los Angeles a watan Nuwamba na 2019, ta shiga hannun masu saye a ƙarshen 2020. A garin Cuautitlán na ƙasar Meziko ake haɗa na kasuwar Amurka da Turai, an kuma haɗa wasu a Chongqing domin kasuwar China, su ma da hannun Ford a ciki. In kana son tabbaci, leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka ga lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17. Wadda ta fara da 3 'yar Meziko ce, wadda ta fara da L 'yar China ce. Ko wacce ka samu, dokin nan ɗan halak ne.

Duk da haka ban ga laifin yayanka ba, domin idonsa bai yi masa ƙarya ba. Mustang ta asali, wadda Ford ya fito da ita a watan Afrilu na 1964, mota ce mai ƙofa biyu, dogon hanci, kwance ƙasa-ƙasa, wadda aka fi saninta da inji mai silinda 8 da rugugin da ake ji tun kafin ta karyo kwana. Duk wanda ya san waccan, ya ga wannan mai tsayi tana tafiya shiru kamar kyanwa, dole ya yi tsaki. Amurkawan ma sun yi. A farkon 2018 kamfanin ya nuna alamar zai kira motar Mach 1, sunan wata Mustang mai ƙarfi ta 1969, masoya tsohuwar suka yi ca, har aka janye aka koma Mach-E. Wato rigimar da ake yi a zaurenku an riga an yi ta a can.

Ni na shafe sama da shekara 30 a harkar wayarin mota a garin nan, kuma a jikin Fijo 504 na koyi sana'ar. Bari in fara daga nan, don a nan ne za ka gane abin da sunan mota yake nufi a wurinmu, wanda ya sha bamban da abin da yake nufi a wurin Bature. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna. Faransa ta daina yin salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekara ta 2000. A zamanin, mutum ya ce maka ya sayi 504, ya gama gaya maka komai: ka san za ta shiga hanyar ƙauye da damina, ka san in ta tsaya a Bichi ko Wudil akwai wanda zai tashe ta a gindin bishiya, ka san in ka shiga kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ka ambaci sunan, kafin ka rufe baki yaro ya ruga ya kawo maka abin da kake nema, sabo ko na hannu. Ina tuna maigidana, Allah ya ji ƙansa, yana zaune a kan benci da kofin shayi, mota ta shigo gareji, bai ko tashi ba ya ce da ni, "Kai, ɗauko fulogi, na uku ne ba ya ci." Da kunne ya ji. Shekaru ne suka zuba masa sautin injin nan a ka. Abin da suna yake ɗauke da shi a Kano ke nan: kayan gyara a kusa, bakanike da ya san cikinta, da kuma farashin da za ta yi ranar da ka tashi sayarwa.

Mu ma fa muna da namu aron sunan. Duk mota mai tsayi jif muke ce mata, alhali Jeep kamfani ne guda a Amurka. Bas ɗin da kake hawa a Unguwa Uku zuwa Abuja, wadda muke kira Homa, Toyota Hiace ce, ba ta haɗa komai da Hummer, ƙatuwar jif ɗin nan ta Amurka, ba sai faɗin ƙirji. Amma lura da bambancin. Mu mun ga mota, mun ga ta yi kama da wani abu, muka laƙaba mata suna. Su kuwa kamfanonin nan sunan suke da shi a ajiye a durowa, sai su nemo motar da za su rataya masa.

Abin ya fi kama da yi wa kaka takwara. An haifi yaro, an sa masa sunan marigayi, ana kiransa Abba ko Halifa ko Mai Sunan Malam, kowa yana jin nauyinsa saboda mai sunan. Wani yaron ya taso ya gaji halin, wani kuma sunan kaɗai ya gada. Ba a cewa yaron jabu ne. Sai dai mai hankali ba zai ba shi 'yarsa don sunan kakansa kawai ba, sai ya bincika halinsa.

To me ya sa jif, me ya sa ba su yi motar lantarki mai siffar tsohuwar ba? Amsar farko tana ƙarƙashin ƙafarka. Batirin motar lantarki ba irin wanda ka sani ba ne a gefen inji. Wani faffaɗan akwatin ƙarfe ne, kamar katifa, shimfiɗe tsakanin tayoyin gaba da na baya, nauyinsa ya kan kai rabin tan. Da zarar ka shimfiɗa wannan katifar, daɓen motar ya tashi sama. Daɓe ya tashi, kujera ta tashi, kan fasinja ya tashi, dole rufi ya bi su. A jikin mota mai ƙofa biyu da ke kwance ƙasa, ɓoye wannan kaurin yana da wuya kuma yana cin kuɗi. A jikin jif kuwa ba mai lura, tunda dama doguwa ce. Sannan batir shi ne abu mafi tsada a motar, kamfani yana neman siffar da mutane suka saba biyan kuɗi mai kauri a kanta. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a duniya, kashi 48 cikin 100, irin jif ne. Mota mai ƙofa biyu kowa yana yaba ta a hoto, kaɗan ne suke cire kuɗi su saya, don magidanci yana tunanin 'ya'ya da kayan cefane.

Hujjar da Ford zai kafa maka ita ce ciniki. A 2024, a Amurka, Mach-E ta sayu sama da guda 51,000, ita kuwa Mustang mai shan mai kimanin 44,000. Takwarar ta wuce mai sunan a kasuwarsu ta gida.

Shi kuwa komawa ga tsohon suna, dalilinsa shi ne sun gwada sababbin sunaye, ba su zauna a bakin mutane ba. Da guguwar lantarki ta taso, kowane kamfani ya so ya nuna ya shiga sabon zamani, sai aka dinga raɗa wa motoci suna kamar lambar waya. Volkswagen ya fito da ID.3, ID.4, ID.5. Marsandi ya kawo EQA, EQB, EQC, EQE, EQS. Toyota ya sa wa tasa bZ4X. Ka yi tunanin ka tsaya a Ƙofar Ruwa kana neman fitilar baya ta bZ4X, sau nawa za ka maimaita kafin a gane ka? Can ma haka abin ya kasance. Yanzu ga su suna komawa gida: a watan Satumba na 2025 Volkswagen ya sanar cewa ƙaramar motarsa ta lantarki za ta amsa sunan ID. Polo, Marsandi kuma da ya tashi yi wa babbar jif ɗinsa ta lantarki suna a 2024 ya bar ta a gidan G da aka sani tun 1979. Da tsohuwar zuma ake magani. Mutumin da ke ɗar-ɗar da sabuwar fasaha, yana tsoron batir, yana tsoron caji, in ya ji sunan da ya taɓa gani a ƙofar gidan ubansa, hankalinsa ya kan ɗan kwanta. Gina sabon suna har ya kai haka yana cin shekaru da maƙudan kuɗin talla, tsohon kuwa an riga an biya.

Sai China, kuma a nan zancen yayanka ya taɓa wani abu mai muhimmanci. Kamfanin BYD a 1995 aka kafa shi, da yin batir ya fara, yau yana cikin manyan masu sayar da motocin lantarki a duniya. 'Yan China suna iya yin batir da araha, suna iya fitar da sabuwar mota da saurin da Turawa ba sa iyawa. Abu ɗaya da ba a ƙerawa a masana'anta shi ne tarihi, shi ya sa tsofaffin kamfanoni suka riƙe shi tamau a matsayin makami. Su ma 'yan Chinan sun gane haka, suka sa kuɗi suka saya. MG tsohon sunan Ingila ne tun shekarun 1920, amma tun 2005 yana hannun China, yanzu na kamfanin SAIC ne. Geely ya sayi Volvo a 2010, ya kuma karɓi ragamar Lotus a 2017, kamfanin da aka sani da 'yan ƙananan motocin tsere marasa nauyi, wanda yanzu yake sayar da wata ƙatuwar jif ta lantarki mai suna Eletre da ake haɗawa a Wuhan. Volkswagen ma ya yi irin wannan cinikin: reshensa na manyan motoci ya sayi Navistar a 2021, a cikin kayan gadon aka tsinci sunan Scout, wata jif da aka yi a Amurka daga 1961 zuwa 1980, ga shi an farfaɗo da ita.

Akwai kuma doka. A Tarayyar Turai, sunan kasuwanci da aka yi rajista aka bar shi shekara 5 ba a amfani da shi, wani zai iya neman a soke rajistar. Suna kamar fili ne, in ba ka kewaye ba wani zai iya shiga. Kuma gwamnatoci ba sa wasa da shi: a watan Afrilu na 2024 Alfa Romeo ya fito da ƙaramar jif ya kira ta Milano, ministan masana'antun Italiya ya ce ba za a sa sunan birninsu a kan motar da ake haɗawa a Poland ba, cikin 'yan kwanaki aka sauya mata suna zuwa Junior. Shi ma Junior ɗin daga durowa aka zaro shi, sunan wata motarsu ce ta 1966.

Yanzu ga ra'ayina, tunda ka tambaye ni. Ba na adawa da a maimaita suna. Abin da nake dubawa guda ne: shin sabuwar tana yin aikin da ya sa aka so tsohuwar? Renault 5 ta 1972 ƙaramar motar cikin gari ce ta mai ƙaramin ƙarfi, wadda aka dawo da ita da lantarki a 2024 ita ma ƙarama ce, ta cikin gari, ka gan ta ka gane 'yar gidan ce. Wannan kyan ɗa ya gaji ubansa. Renault 4, wadda aka fara a 1961 aka yi sama da miliyan 8, motar manoma ce da masu ɗaukar kaya, an dawo da ita a siffar ƙaramar jif mai faɗin but, wannan ma na yarda da shi, domin aikin bai yi nisa da na da ba. Hummer da General Motors ya rufe a 2010 ya sake buɗewa da lantarki, ita ma ba ta ci amanar sunanta ba: da can ƙatuwa ce mai almubazzaranci, yanzu ma haka take, nauyinta ya haura tan 4, batirinta kaɗai ya wuce kilo 1,300, nauyin ƙaramar mota sukutum. Ba na son motar, amma ba ta yaudari kowa ba.

Inda raina yake ɓaci shi ne irin Capri. Ford Capri mota ce mai ƙofa biyu da aka yi wa Turai daga 1969 zuwa 1986, ta samarin da ba su da kuɗin motar tsere amma suna son siffarta. A 2024 aka dawo da sunan a kan jif ta lantarki da ake haɗawa a Cologne ta Jamus. In ka ɗaga ta a ramin gareji, abin da za ka gani a ƙasa, batir da injin lantarki da shimfiɗar da suke zaune a kai, na Volkswagen ne, irin wanda ke ƙarƙashin ID.4 da ID.5, bisa yarjejeniyar da kamfanonin biyu suka ƙulla. Ba siffa, ba aiki, ba ma jini. Haka Mitsubishi Eclipse, motar samari mai ƙofa biyu daga 1989 zuwa 2011, ta koma jif mai suna Eclipse Cross a 2017, sannan a 2025 aka fito da ta lantarki wadda a zahiri Renault Scenic ce da aka sauya wa fuska, a Faransa ake haɗa ta. Motocin na iya zama masu kyau, ba ingancinsu nake zargi ba. Abin da ke damuna shi ne an ɗauki ƙaunar da mutum yake yi wa motar ƙuruciyarsa an mai da ita ƙugiya. Kuma in aka ci gaba da haka, sunan da kansa zai tsiyaye, har a kai ranar da yaro zai ji Capri bai san ta taɓa zama wani abu daban ba.

Ita Mach-E a tsakiya na ajiye ta. Shimfiɗarta ta Ford ce ba aro ba, a ainihin ƙirarta ƙarfinta daga tayoyin baya yake fitowa kamar na uwar ɗakinta, tana da saurin tashi na gaske, an kuma bar tsohuwar Mustang tana nan ana ƙerawa, ba a kashe ta don a gaje ta ba. Da ni ne da na ba ta sunan kanta. Tesla Model Y ba ta da kaka ba ta da tarihi, amma ita ce motar da aka fi saye a duniya a 2023. Chevrolet Volt ma, wadda ɗan ƙasarmu Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ya yi suna wajen zana siffarta, da sabon suna ta fito kuma duniya ta san ta.

Mu dawo kan kuɗinka, wanda shi ne ya fi damuna. Duk abin da na lissafa maka cewa suna yana ɗauke da shi a Kano, kayan gyara da bakanike da farashin sayarwa, babu ko ɗaya da ya biyo dokin nan. Ranar da aka fara kawo min irinta gareji, na buɗe bonet, yarona ya matso da tsumma a hannu zai zaro sandar auna baƙin mai. Abin da muka tarar wani baho ne na roba, har da 'yar ƙofar tsiyayar da ruwa a ƙasansa, wurin ajiye kaya. Ya tsaya yana kallona, ina kallon bahon. Babu fulogi, babu bel, babu baƙin mai, babu salansa. Na cire murfin gefe na nuna masa wayoyi masu kauri, ruwan lemo, na ce masa ya dube su da kyau, wutar da ke bin cikinsu ta kai wajen bolt 400, ba irin ta batirin 12 da ya saba taɓawa da sifana ba ce, wannan kisa take yi. Tun ranar na kafa doka a garejina: ba mai kai hannu kan waya ruwan lemo sai an kashe babban layin, an sa safar hannu ta roba mai hana wuta. Bakaniken da ya ƙware a tsohuwar Mustang, iliminsa a nan ya tsaya ne a kan birki da ƙafafu da sitiyari. Ko ƙusa ɗaya ta injin waccan ba za ta yi maka amfani a wannan ba.

Saboda haka tambayar farko ba ga dillali za ka yi ta ba, ga mitar gidanka za ka yi. Yunit ɗin da kake saye a mita shi ne ma'aunin batirin mota. Mach-E tana zuwa da batir iri biyu: ƙaramin yana cin kimanin yunit 70, babban kuma kimanin 90. In ka jona ta a soket na bango irin na firji, cika ta daga ƙasa zai haura awa 24. In ka sa akwatin caji na musamman mai ƙarfin kilowat 7, ƙaramin batirin zai cika a cikin awa 10 zuwa 11, amma sai wayarin gidanka ya iya ɗauka, kuma sai wutar ta zauna. Ka zauna ka ƙirga awa nawa kuke samun wuta a layinku a rana, ba a watan sanyi ba, a watan Afrilu. Ƙaramin janareta ba zai yi maka wannan aikin ba, in kuwa babba za ka tayar kullum, man da ka gudu daga gare shi ya biyo ka ta bayan gida. Masu jin daɗin motocin nan a Kano su ne masu sola mai yawa da inbata mai ƙarfi, waɗanda motarsu ke fake a gida ko ofis da rana tana shan caji.

In wutar ta samu, lissafin yana da daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Irin wannan motar tana cin wajen yunit 18 zuwa 20 a kilomita 100. Ko da farashin naira 225 kan yunit da aka sa wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a watan Afrilu na 2024 ka auna, bai wuce naira 4,500 ba. Jif mai girmanta da ke shan fetur za ta sha lita 10 zuwa 12 a wannan tafiyar, kai ka san abin da lita take tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Ga shi ba juyen baƙin mai, birki ma yana daɗewa saboda injin ne yake rage gudu yana mayar da wuta cikin batir.

Sai tafiya. A takarda tana yin tsakanin kilomita 340 zuwa 500 a caji ɗaya, gwargwadon batir da ƙirar. A kan titi, da gudu da na'urar sanyaya mota a kunne cikin zafinmu, ka rage wani abu mai kauri daga ciki. Zariya ko Katsina za ka je cikin kwanciyar hankali, Kaduna ma za ka isa, amma Abuja ta haura kilomita 400, kada ka kama hanya sai ka san takamaiman inda za ka tsaya ka yi caji. A nan ne bakin cajin yake da muhimmanci, domin ba iri ɗaya ba ne: na Amurka daban, na Turai daban, na China daban. Motar da ta fito daga Amurka ba za ta karɓi filogin tashar da aka kafa da kayan China ba sai da mahaɗi na musamman, kuma ba kowane mahaɗi ne abin yarda ba. Ka buɗe murfin cajin ka ɗauki hotonsa, ka je wurin da kake sa ran yin caji ka gwada da idonka.

Kalmar jif ma kada ta ruɗe ka. Tsakanin cikin Mach-E da ƙasa bai kai santimita 15 ba, kusan daidai da salun, kuma abin da ke wurin batir ne. Nauyinta ya kai tan 2, don haka tana cin taya, tana gajiyar da ƙafafu a hanya mai ramuka. Ba motar shiga gona ba ce, ba kuma ta kutsawa cikin ruwan da ke taruwa a wasu titunanmu a watan Agusta ba.

Abu na ƙarshe, wanda in ka manta da komai kada ka manta da shi, shi ne lafiyar batirin da tarihin motar. Da yawa daga motocin da ake kawo mana daga Amurka a gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye ake sayo su. Motar fetur da ta sha ruwa wahala za ta ba ka. Ta lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinta tana iya kamawa da wuta daga baya, an ga haka a Florida bayan guguwar Ian a 2022. An taɓa kawo min wata, ba irin taka ba, fenti yana ƙyalli, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Na ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar baya, sai ga busasshen yashi da farin gishiri a kan kusoshi. Mai ita ya riga ya biya. Ya zauna a kan bencin nan ya yi shiru ya fi minti goma, ni ma na rasa abin da zan ce masa. Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ɗauki lambar nan mai 17 ka sa a bincika tarihinta a intanet, za a ga ko ta taɓa shiga gwanjo da dalilin shigarta. Garantin shekara 8 da ake ba batir a ƙasar da aka sayar da motar, kada ka sa shi a lissafinka a nan. Kuma zafi yana tsufar da batir, garin da ke kaiwa digiri 40 a bazara sai an nema wa motar inuwa, an kuma guji barinta cike taf tana gasuwa a rana.

To, in saya ko kada in saya? In kana da sola ko tsayayyiyar wuta, yawancin zirga-zirgarka cikin gari ne, akwai kuma wata motar a gida da za a yi doguwar tafiya da ita, ba zan hana ka ba, mota ce mai daɗin tuƙi. In ita ce za ta zama motarka tilo, kuma kuɗin da ka daɗe kana tarawa ne, ka dakata, ko ka duba mai haɗa fetur da batir irin su Prius da Camry da makanikanmu suka riga suka saba da su. In kuma bayan duk wannan zuciyarka tana kanta, ka ce wa dillalin ya caja ta ta cika, ku ɗauke ta tare ku yi tafiyar kilomita 50 a hanyar Zariya da sanyi a kunne, ka rubuta kashi nawa ta ci. Daga nan ku wuce wurin mai na'urar duba motocin lantarki, a jona ta a karanta lafiyar batirin, a ɗaga ta a duba cikinta ko akwai lotsawa ko alamar an taɓa buɗe akwatin. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan, ka yi masa sallama ka tafi. Ka kuma tafi da yayanka ranar, a ɗaga kafet ɗin a gabansa.